Babi na Shida: Makoki a Bakin Kanal

Mutanen da suka fi kowa yin suna da kukan rushewar ɗakin ibada, manoman rani ne. Idan aka ambaci Bani Isra'ila a ƙasar Babila, abin da ya fi zuwa zuciya shi ne bayi cikin mari a gindin ganuwar babban birni. Akwai waɗanda aka ajiye a birnin, musamman sarki da fadawansa. Amma da yawa karkara aka kai su, can kudancin ƙasar da yau ake kira Iraƙi, inda ruwan sama bai isa ya nunar da hatsi ba, inda rayuwa kacokan ta rataya a kan hanyoyin ruwan da aka haƙa daga kogin Furatu. Aka yanka musu gonaki, aka aza musu haraji, suka shiga noman sha'ir da dabino. A bakin waɗannan hanyoyin ruwa ne suka zauna suna tuna masallacin da aka ƙone musu a Ƙudus.

Manomin Kura ko na Bunkure ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san zama da ruwan da wani ne ke buɗewa, wani ne ke rufewa. Ya san yasar kanal, ya san jiran layi, ya san kwana da fitila a hannu yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ya dace a karanta wannan tsohon labari daga nan. Littattafan da suka ɗauko shi sun koyar da wata hanya ta yin baƙin ciki, kuma a 'yan shekarun nan ƙasar Kano ta sha bukatar wannan karatu.

Gobara a Ƙudus

Ɗakin da Annabi Sulaimanu (AS) ya gina ya yi kusan shekara 400 a tsaye. A shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkin Babila, wanda malaman tafsiri ke kira Bukhtanasar, ya ci birnin Ƙudus. A wannan karon bai rushe ginin ba. Ya kwashe sarki da manyan gari da maƙera da masu sana'a, ya naɗa wani ɗan gidan sarautar mai suna Zadakiya ya riƙe masa ƙasar. Bayan 'yan shekaru Zadakiya ya dogara da Masar ya yi tawaye. Rundunar Babila ta dawo ta yi wa birnin ƙawanya fiye da shekara guda, har yunwa ta gama da na ciki kafin a fasa ganuwa. Aka yanka 'ya'yan sarki a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa ido. Bayan kamar wata ɗaya aka cinna wa ɗakin ibada wuta, tare da fada da manyan gidaje. Ginshiƙan tagulla biyu da ke ƙofarsa aka farfasa su aka ɗauke. Wannan ya faru a 587 ko 586. Talakawa futuk kaɗai aka bari su ci gaba da noma.

Alƙur'ani ya kawo wannan al'amari a farkon juzu'i na 15, cikin Suratul Isra'i. Wanda ya taɓa zama a gaban malami a tafsirin azumi ya san yadda surar ke juyawa. Mai jan baƙi ya buɗe da tafiyar dare daga Makka zuwa Masallacin Ƙudus, jama'a suna jin daɗi, kafin a yi nisa sai ga maganar rushewar wannan masallacin. An gargaɗi Bani Isra'ila cewa sau biyu za su cika ƙasa da ɓarna da girman kai, kuma sau biyun za a sako musu abokan gaba. Bayan na farko an mayar musu da ƙarfi da dukiya da yawan jama'a. A na biyu aka sake kutsawa cikin masallacin aka yi kaca-kaca da abin da aka tarar.

Malaman tafsiri sun yi saɓani kan su wane ne maharan. An ambaci Jaluta, an ambaci Sanhariba, an ambaci Bukhtanasar, an ambaci Rumawa. Dalilin saɓanin a fili yake: ayoyin ba su faɗi sunan sarki ba, ba su faɗi shekara ba, ba su tsaya siffanta wuta da hayaƙi ba. Inda suka tsaya shi ne kan halin masu masallacin kafin maƙiyi ya iso. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ayoyin sun bar ƙadangaren, suka nuna tsagar.

Kukan da aka jera bisa haruffa

Su kansu waɗanda abin ya shafa sun bar nasu bayanin. A cikin Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, akwai ɗan ƙaramin littafi mai suna Makoki. Al'ada ta jingina shi ga Annabi Irmiya. Waƙoƙi ne guda biyar, kuma ba su da sauƙin karatu. An kwatanta birnin da matar da mijinta ya mutu tana zaune ita kaɗai. An faɗi yadda yara ke suma a kan titi suna tambayar iyayensu abinci, yadda dattawa suka daina zama a ƙofar gari, yadda duwatsun wuri mai tsarki suka watsu a lunguna, yadda hanyoyin da mahajjata ke bi suka zama babu kowa.

Abin lura shi ne yadda aka gina waƙoƙin. Huɗu daga cikinsu an jera su ne bisa haruffan Ibrananci guda 22, kowane baiti ya fara da harafinsa. Ta uku, wadda ke tsakiya, ta ninka abin: kowane harafi baiti uku, jimla 66. Ta biyar ba ta bi haruffa ba, amma ita ma baitocinta 22 ne. Wanda ya tashi yana jin Ishiriniya a watan Mauludi ya san irin wannan aiki, inda ake bin haruffa ɗaya bayan ɗaya har a kai ƙarshe. Bambancin shi ne can bege ake yi, nan kuwa kuka. Mutumin da gari ya ƙone a kan idonsa ya zauna yana lissafin haruffa. Ya yarda a faɗi komai, daga harafin farko har na ƙarshe, kada a ɓoye ko ɗaya. Ya kuma yarda cewa haruffa suna ƙarewa. Musulunci ma haka ya yi wa makoki iyaka: kwana uku ga kowa, wata huɗu da kwana goma ga mai takaba. Ba a hana hawaye ba, an dai hana su cinye rayuwa.

Sannan mai waƙar bai tsaya kan zagin Babila ba. Ya kama malaman garinsa da laifin rufe gaskiya, ya kama shugabannin addini da laifin zubar da jinin marasa laifi a tsakiyar birni, ya haɗa da kansa. A waƙa ta uku har ya kira jama'a su binciki halinsu su koma ga Ubangiji. A nan littafin Makoki da Suratul Isra'i suka haɗu. Mai baƙin ciki yana da damar ya yi kuka iya son ransa, amma ba shi da damar ya wanke kansa kafin ya duba.

Ba duka ne suka iya wannan ba. A cikin Zabura ta 137 an nuna waɗanda aka kwashe zaune a bakin ruwan Babila, sun rataye kayan kiɗansu a itatuwa, waɗanda suka kama su suna cewa su rera musu waƙar garinsu, su kuwa sun ƙi. Farkonta yana sa tausayi. Ƙarshenta fatan ramuwa ne mai tayar da tsikar jiki, har da jariran maƙiyi. Ba a goge wannan ƙarshen ba, aka bar shi a littafi. Duk wanda ya ga abin da ke biyo bayan ƙona masallaci ko coci a ƙasar nan ya san wannan murya, ya kuma san inda take kai mutane.

Gona a ƙasar da ba taka ba

A 2014 masana suka buga wasu alluna na yumɓu da aka rubuta da rubutun Babila. Sun fito ne daga wani ƙauye da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, sunan da waɗanda aka kwashe suka tafi da shi daga gida. Mafi tsufa a cikinsu na shekara ta 572 ne, kimanin shekara goma sha biyar bayan gobarar. Babu kuka a cikin allunan. Takardun haya ne, da na bashi, da na haraji, da na rabon gado. Wane ya karɓi sha'ir kaza zai biya bayan girbi. Wane ya ɗauki hayar sa na huɗa. Gonar da suke nomawa ta sarki ce, an ba su bisa sharaɗin haraji da hidima. Annabi Ezekiyel, wanda ke cikin rukunin farko da aka kwashe, ya ce a bakin Kebar yake zaune, kuma takardun Babila sun nuna Kebar hanyar ruwa ce ta ban ruwa.

Tun kafin a rushe birnin, Irmiya ya aika wa rukunin farko wasiƙa. Wasu suna yi musu alkawarin komawa gida nan da ɗan lokaci. Shi kuwa ya ce su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa garin da aka kai su addu'ar zaman lafiya, domin zaman zai kai shekara saba'in. Wannan shawara ba ta da daɗin ji, amma ita ta rayar da su. Da babu wurin yanka da hadaya, sai taruwa da karatu da addu'a suka ɗauki nauyin da gini ke ɗauka a da.

Ƙasar Kura da Bunkure ta ga nata tashin, ko da yake ba da takobi ba. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka datse Kogin Kano a Tiga. Tafkin da ya taru ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga nan ruwan ke gangarowa da ƙafarsa, ba inji, ta babban kanal zuwa Ruwan Kanya, ya rabu ya shiga gonakin Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure. An tsara kashi na farko na aikin ya kai hekta 22,000, kuma daga baya ya koma hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Alherin da ya biyo baya ba ya ɓoyuwa. Shinkafar Kura ta zaga Najeriya, tumatirin Kwanar Gafan yana cika manyan motoci zuwa kudu, matashin da a da yake tafiya cin rani yanzu rani ne lokacin da ya fi aiki a gida.

Amma kafin ruwan ya zo sai da aka tashi mutane. An tashi waɗanda ke cikin kwarin da tafki zai cinye. A cikin filin aikin ma an baje ƙasa da manyan motoci, aka sare ɗorawa da kuka da tsamiya, aka tattara gidajen da ke warwatse cikin gonaki. Ƙauyen Musulmi kuwa ba ya rasa masallaci, ko da na ƙasa ne mai ɗaki ɗaya, ba ya rasa maƙabarta. Ana iya yi wa ɗaki da rumbu da itacen ɗorawa kuɗi. Wurin da mutum ya fara tsayuwa a sahu kusa da mahaifinsa, inda aka ɗaura masa aure, inda aka ajiye makarar kakansa aka sallace shi, wannan ba ya shiga takardar diyya. Irin wannan rashi ba shi da maƙiyin da za a nuna da yatsa, shi ya sa ba a cika rubuta shi ba. Haka ya faru a tsohuwar Busa lokacin da tafkin Kainji ya cika a 1968, haka ya faru a Bakolori a ƙarshen shekarun 1970.

Abin da ya riƙe Musulmin da aka tasa shi ne abin da aka sanar da su tun farko: an mayar wa wannan al'umma ƙasa gaba ɗayanta wurin salla da abin tsarki. Duk mai son ya ga wannan hadisi a aikace, ya bi hanyar gonakin Kura da azahar a lokacin tsinkar tumatir. A gefen ƙaramin kanal za ka ga an share wani ɗan fili an kewaye shi da duwatsu ko fasassun bulo, an ɗan turo tsakiyar layin gaba don nuna alƙibla. Mai gona ya ajiye fartanya, ya tsuguna ya wanke taɓon ƙafarsa, ya yi alwala da ruwan Tiga. Wani ya shimfiɗa buhun taki da ya ƙare. Yaro ya ce, "Baba, a shiga gaba," dattijo ya ce, "A'a, ga Malam nan." 'Yan ƙwadago da mai gona da dillalin da ya zo ganin kaya su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kwanduna jere a bayansu. Babu rufi, babu ƙofa, babu abin da wuta za ta ci. Idan an huɗe wurin baɗi, a kwashe duwatsun a matsa gaba.

Ranar da aka sake aza harsashi

A 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sairus, sarkin Farisa, ya ci Babila, ya ba waɗanda aka kwashe izinin komawa. Wasu suka koma, wasu da yawa suka zauna a gonakinsu. Littafin Ezra ya ba da labarin ranar da aka aza harsashin sabon gini. Matasa suka ɓarke da sowa. Tsofaffin da suka ga ɗakin farko da idonsu kuwa suka fashe da kuka, har na nesa ya kasa bambance sowa da kuka. An gama ginin wajen shekara ta 516.

Alƙur'ani ya kawo wani hoto na wannan zamani a aya ta 259 ta Suratul Baƙara. Wani mutum ya bi ta wata alƙarya da ta zama kufai, ya yi mamakin yadda za a rayar da ita. Allah ya kashe shi shekara ɗari, ya tashe shi, ya ga abincinsa bai lalace ba, ya kuma ga yadda aka harhaɗa ƙasusuwan jakinsa aka tufatar da su da nama. Yawancin malaman tafsiri sun ce Uzairu ne, wasu suka ce Irmiya ne, alƙaryar kuma Ƙudus ce bayan Bukhtanasar. Ba a zarge shi don ya tsaya a kan kufai ya yi tambaya ba. An amsa masa, sai dai amsar ta zo a kan lokacin da ya fi tsawon ran mutum ɗaya.

Kukan tsofaffin nan na littafin Ezra ba baƙo ba ne a wurinmu. A garuruwa da yawa na ƙasar Kano, masallacin ƙasa mai azara da bakan gizo, wanda ake yi wa yaɓe da aikin gayya kafin saukar damina, da hannunmu muka rushe shi muka sa bulo da kwano. Sau da yawa dole ce ta sa: jama'a ta ƙaru, magina masu ɗaurin guga sun yi ƙaranci, gyara kowace shekara ya yi nauyi. A ranar buɗe sabon, ana kabbara ana godiya ga mai hannu da shunin da ya ɗauki nauyi, za ka ga wani dattijo a gefe bai cika magana ba. Ba ƙin ci gaba yake yi ba. Ya tuna sanyin tsohon ɗakin a tsakiyar bazara, da ginshiƙin da limamin da ya koya masa Fatiha ke jingina.

Inda aka bar tsohon kuma ba a kula da shi ba, asarar ta fi haka. Babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, yana cikin gine-ginen ƙasa da masana suka fi yabawa a Afirka ta Yamma. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufinsa ya rufto, ya kashe aƙalla mutum 8. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kiran magina. Babu Bukhtanasar a wannan labari. Damina ce da tsufa. Ka'aba kanta ambaliya ta rushe bangayenta a 1630, aka sake gina ta zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Muradu na Huɗu.

Hannun da ke cikin gida

Ɗaki na biyu a Ƙudus ya tsaya kusan shekara 600, sannan Rumawa ƙarƙashin Taitus suka ƙone shi a shekara ta 70 miladiyya. Har yau a birnin Rum akwai wata ƙofar tunawa da aka sassaƙa hoton sojoji ɗauke da alkukin ɗakin mai rassa bakwai. Yahudawa masu riƙo da addini suna tuna rushewar biyu a rana ɗaya, tara ga watansu na Ab, wanda ke faɗowa a Yuli ko Agusta. Suna azumi daga faɗuwar rana zuwa daren gobe, su zauna a ƙasa, su karanta Makoki. Wasunsu idan sun gina gida sukan bar wani ɗan sashe na bango ba shafe, a wurin ɗaurin aure kuma ango ya taka kofin gilashi ya fasa.

Malamansu na da sun tambayi kansu: ɗakin farko an san laifin da ya jawo rushewarsa, bautar gumaka da alfasha da zubar da jini. Na biyun fa, alhali mutanen zamanin suna karatu suna ibada suna sadaka? Amsar da suka rubuta a Talmud ita ce ƙiyayya marar dalili a tsakaninsu. Tarihi ma ya nuna haka, domin a lokacin da Rumawa ke bayan ganuwa, ƙungiyoyin cikin birnin suna yaƙar juna, har suka ƙone rumbunan hatsin garin.

Musulmi ba shi da bakin yi musu dariya. Abraha da giwayensa ba su kai ga Ka'aba ba. Wutar da ta kama ta a shekara ta 64 bayan hijira ta tashi ne a yaƙin da Musulmi ke yi da Musulmi, lokacin da rundunar Banu Umayya ta yi wa Abdullahi ɗan Zubairu ƙawanya. Ƙaramiɗawan da suka kashe mahajjata a 317 bayan hijira suka ciro Baƙin Dutse suka riƙe shi fiye da shekara ashirin, daga cikin duniyar Musulunci suka fito.

A nan gida, ranar 28 ga Nuwamba 2014, ana shirin tayar da sallar Juma'a a babban masallacin birnin Kano, bama-bamai suka tashi, 'yan bindiga suka buɗe wa masu gudu wuta. Fiye da mutum 100 suka rasu. Washegari Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya shiga masallacin ya ja salla, don kada a bar wurin ya zama kufai ko na kwana biyu. Shekara guda bayan haka, 27 ga Nuwamba 2015, ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga cikin masu tattakin Arba'in a Dakasoye, kan titin Kano zuwa Zariya, a tsakiyar wannan yanki na noman rani, ya kashe aƙalla mutum 21. Makonni biyu bayan nan aka yi arangama tsakanin sojoji da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky a Zariya, aka rushe Husainiyyarsu, kuma kwamitin bincike na shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar da binne mutum 347 a rami ɗaya. A 1991 da 2004 an ƙona coci-coci a Kano. A Jos a 2001 da Yelwan Shandam a 2004 an ƙona masallatai.

Duk mai karanta wannan jeri zai ji zuciyarsa ta motsa a wasu wurare, ta yi shiru a wasu. Wannan shirun shi ne abin dubawa. Aya ta 40 ta Suratul Hajji, wadda ke cikin ayoyin farko da suka ba Musulmi izinin kare kai, ta lissafa wuraren ibadar da za a rushe in da Allah bai sa wasu mutane suna tare wasu ba. Ta fara da ɗakunan masu zuhudu na Kiristoci, da coci-coci, da wuraren ibadar Yahudawa, sannan ta ambaci masallatai. Wanda ke kuka idan an taɓa nasa, ya yi murna ko ya kau da kai idan an taɓa na wani, ƙungiyarsa yake yi wa kuka.

Mafi ɗaci a cikin duka shi ne abin da ya faru a Gadan, cikin ƙaramar hukumar Gezawa, da asubahin 15 ga Mayu 2024. Wani mutum ya watsa fetur a masallaci ana cikin salla, ya cinna wuta, ya rufe ƙofa. Fiye da mutum 20 suka rasu, da yawansu a asibiti bayan kwanaki. Ba baƙo ba ne. Ɗan garin ne, cikin waɗanda ya ƙone akwai danginsa, kuma abin da ya faɗa wa 'yan sanda shi ne rikicin rabon gado. Kotun shari'a a Kano ta yanke masa hukuncin kisa a 2025. A zaman makokin irin wannan, mai gaisuwa ya ce "Ya haƙuri?" a amsa masa "Da godiya," sannan kowa ya sunkuyar da kai, domin wanda ya yi da waɗanda aka yi wa, tsatso ɗaya ne.

An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya dubi Ka'aba wata rana, ya yabi girmanta da alfarmarta, sannan ya ce alfarmar mumini ta fi tata a wurin Allah. In haka ne, rushewar masallaci tana farawa tun kafin a sayo fetur. Tana farawa ranar da aka danne wa maraya gonar ubansa, ranar da aka hana 'ya mace kasonta aka ce ai tana gidan miji, ranar da na saman kanal ya toshe ruwa da dare ya bar albasar na ƙasa ta ƙone, kuma washegari su biyun suka tsaya a sahu ɗaya ba mai gaisar da wani. A yankin da gonar ban ruwa ta fi gonar tudu daraja, irin wannan rigima ba ta ƙarewa, kuma kowane liman da mai unguwa ya san gidajen da take ciki.

Bango da rufi, attajiri ɗaya na iya mayar da su cikin rani guda. Raba gado a kan lokaci, zaunar da 'yan'uwan da suka daina magana, tsayawa tsakanin fusatattun matasa da cocin da ke bayan kasuwa, hawa soro a duba tsaga kafin ruwan farko, waɗannan ba a ba da su kwangila. Aikin masu sallar ne da kansu, kuma lokacin yinsa shi ne yanzu da ginin ke tsaye.